Harafin da Na Goge a Keken Alhajin Zighan

Shekara huɗu na yi a Sabha, alhali da niyyar wata biyu na sauka. Daga Katsina na fito, na biyo ta Agadas, ina nufin Tarabulus. A lokacin Libiya ta juyo da fuskarta kudu, kullum a talabijin maganar haɗin kan Afirka ake yi, mu kuwa 'yan kudu muka yi ta shigowa mota-mota. Wasu su kwana bakwai su wuce arewa. Wasu irina su ce bari su ɗan huta, hutun ya zama zama.

Sana'ata a gida rubutun alluna ce, irin na shaguna da makarantu da bayan manyan motoci. Da na zo sai na tarar boko ba shi da kasuwa, don ba a yarda a kafa allo da wani rubutu ba sai na Larabci. Na koma fentin ƙofofin ƙarfe da tagogi, yawanci kore, don shi ne launin tutar ƙasar, shi kowa ke nema. Daga baya masu shaguna suka gano ina taɓa zane, suka riƙa sa ni in zana musu taswirar Afirka a bango. Na zana ta har hannuna ya haddace, ba na ma duba takarda.

A unguwar Gurda nake ajiye gwangwanayen fentina, a bayan rumfar wani dattijo mai gyaran keke, mutumin Damagaram. Mu Baba muke ce masa, Larabawa kuma su ce Usta, wato gwanin sana'a. Ya fi shekara ashirin a garin, Larabcinsu yana bakinsa kamar a nan aka haife shi, amma idan ya juyo Hausa sai ka ji Damagaram tsantsa. Dogo ne siriri, ba ya son yawan magana. Masu kawo masa aiki leburori ne 'yan Nijar, masu manyan kekuna baƙaƙe da ake ɗaura wa shebur da tsani. Kullum da safe yakan shimfiɗa buhu ya jera sifanoninsa daga ƙarami zuwa babba, ya zuba kananzir a gwangwanin kifi don wanke noti. Ban taɓa ganin ya ɗaga guduma a kan notin da ya ƙi kwancewa ba. Mai zai ɗiga masa, ya koma wani aikin, sai can ya dawo ya murɗa, notin ya biyo shi.

Wata Laraba da hantsi wata farar a-kori-kura ta tsaya a bakin rumfar. Wani Balarabe ya fito, ɗan kimanin shekara arba'in, da farar riga da tabarau, irin ma'aikatan ofis. Ya yi sallama, ya sauko da wani abu da aka naɗe da tsohon bargo. Da ya yaye bargon sai na ga Baba ya ajiye tayar da yake liƙewa, ya miƙe tsaye, ya goge hannunsa a jikin wandonsa kamar wanda zai gaisa da babban mutum.

Keken tsere ne. Ban taɓa ganin irinsa kusa da kusa ba sai a hoto. Ƙarafunsa sirara, ƙahonsa ya lanƙwashe ƙasa kamar na rago, sirdin fata ne ya bushe ya tsattsage, tayoyin kuwa ba su fi kaurin babban yatsana ba, sun ruɓe sun manne da ƙafafun. Launinsa ja ne mai duhu, irin na zoɓon da ya jiƙu sosai. Tsatsa ta ci shi nan da can. A jikin dogon ƙarfen da ya gangaro daga wuya zuwa feda akwai sunan kamfanin Italiyawan da ya ƙera shi, haruffan boko guda bakwai, ruwan zinariya, an zagaye kowanne da siririn baƙin layi. A ƙarƙashin sirdi kuma ga wasu zobba masu launi-launi da ƙaramin tambari mai reshen zaitun. Baba ya ɗaga keken da yatsu biyu. Ya dube ni, ya miƙo mini. Na sa ƙarfi kamar zan ɗauki keken lebura, saura kaɗan in buga shi da rufin kwano.

Mutumin ya yi bayani, Baba yana fassara mini abin da ya wuce ni. Keken mahaifinsa ne, wani dattijo a ƙauyen Zighan. Keken ya shekara ashirin da wani abu a ɗakin ajiyar dabino. Shi ɗan ya gina sabon ɗakin baƙi, wanda suke kira marbu'a, yana so ya rataye keken a bango don girmama tsohon. Abin da yake so shi ne a kankare komai, a fesa masa kore, a cire rubutun Italiyawan nan gaba ɗaya. Idan akwai wuri, in zana masa ƙaramar taswirar Afirka a wuya. An ce masa akwai mai fenti a nan.

Ni dai har na fara lissafin irin koren da zai dace a raina. Baba kuwa ya durƙusa yana zagaya keken a hankali. Da ya isa ɗaya gefen sai ya tsaya. A can babu rubutun. An kankare shi tun tuni da wani abu mai kaifi, ga sawun nan zane-zane har cikin ƙarfe, tsatsa ta bi su ta yi baƙi.

"Alhajin yana raye?" in ji Baba.

"Yana nan lafiya. Ido ne kawai ya yi rauni."

"Ya san za a kankare?"

Ɗan ya yi murmushi ya ce so yake ya zama abin mamaki, sai an gama tsohon zai gani.

Baba ya ce, "Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe. Fenti idan na sa aka yi, gobe ana iya canza shi. Wannan rubutun kuwa idan ya tafi ya tafi ke nan, babu mai dawo da shi a duk yankin nan na Fezzan. Ba zan taɓa shi ba sai na ji daga bakin mai shi."

Mu baƙi ba mu saba ce wa ɗan ƙasa a'a ba, ballantana mai mota da tabarau. Na ga fuskar mutumin ta canza. Ya ce akwai masu gyara da yawa a Sabha. Baba ya ce gaskiya ne, har ya kwatanta masa rumfar mutum biyu, ya ɗauki bargon zai mayar wa keken. Mutumin ya tsaya yana kaɗa makullin motarsa. Can ya ce, "Bahi," wato to, ya yi. Ranar Juma'a zai zo ya ɗauke mu mu je mu ji daga bakin mai shi.

Zighan tafiyar kusan awa ɗaya ce daga Sabha, kwalta miƙaƙƙiya cikin tsakuwa da rairayi, sai can ka hango dabino ya yi duhu. Mun isa kafin a tafi masallaci. Alhajin yana zaune a kan tabarma a inuwar katanga, ɗan gajeren tsoho mai faɗin kafaɗa, idanunsa sun yi fari-fari. Da ya ji harshenmu sai ya ɗaga kai ya ce, "Sannu da zuwa, sannu da gajiya," da Hausa sarai. Ya ce iyakar abin da ya riƙe ke nan daga bakin kakarsa, sai kuma sunan gero da na barkono.

Bayan an sauko daga Juma'a aka kawo shayi, ana zuba gyaɗa a kofi na ƙarshe kamar yadda suke yi. Ɗan ya sauko da keken ya jingina kusa da uban, ya faɗi abin da ya yi niyya, bai ɓoye komai ba. Tsohon ya matso kusa da keken. Ya miƙa hannu ya kama ƙahon, ya bi shi da tafinsa har ƙasa, ya sauko kan dogon ƙarfen. Yatsansa ya riƙa bin haruffan ɗaya bayan ɗaya, don suna da ɗan tudu kaɗan. Ya ƙirga bakwai. Sannan ya zura hannu ɗaya gefen ya shafa sawun kankarar, ya yi 'yar dariya.

Ya ce yana saurayi ya tafi Tarabulus neman aiki, ya samu a shagon wani Ba'italiye mai gyaran kekuna. Shekara shida ya yi a wurinsa. Mutumin mai faɗa ne, in ji shi, amma shi ya koya masa ɗaure wayoyin ƙafa har su yi daidai, shi ya fara ɗora shi a keken tsere, ya riƙa fita da shi bakin teku ranar hutu suna tsere da samarin gari. Da aka kori Italiyawa daga ƙasar, mutumin bai iya ɗaukar komai ba sai akwati. Ya turo masa wannan keken ya ce kada ya bari ruwa ya kwana a jikinsa.

"Na kawo shi nan a bayan motar dabino," in ji Alhajin. "Mahaifina yana zaune daidai inda Usta yake zaune yanzu. 'Yan'uwansa biyu Italiyawa suka tafi da su zamanin da suke mulkin ƙasar nan, ba su dawo ba. Ya tambaye ni rubutun wane ne wannan. Na faɗa masa. Ya ce ba zai shigar masa gida ba. Sai na ɗauko wuƙar da muke sassaƙe dabino da ita, na zauna a gabansa na fara kankarewa. Ina kankarewa ina hawaye, ga ni ƙato da gemu. Na gama gefe ɗaya na juya keken zan fara ɗayan, sai ya ce, bari haka. Ya ce ƙarfen kake ji wa ciwo. Ka dai riƙa jingina shi ta yadda ba zan ga rubutun ba. Haka na yi har ya rasu."

Ɗan ya cire tabaransa. Ya ce wa uban, "Ba ka taɓa gaya mini wannan ba."

"Ba ka taɓa tambaya ba. Kai mota ka taso kana so."

Duk da haka ɗan bai saki maganarsa nan take ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce zamani ya canza, ƙasa yanzu Afirka ta sa a gaba, manyan baƙi za su riƙa shiga ɗakin nan, ba ya so su ɗaga kai su ga sunan mutanen da suka yi wa kakanninsa abin da suka yi. Tsohon ya saurare shi har ya gama. Sai ya juyo wajen da yake jin numfashina ya ce, "Kai mai fenti, kana iya yin irin wannan rubutun?"

Na matsa na sake dubawa. Baƙin layin da ya zagaye haruffan bai fi kaurin gashi biyu ba, kuma babu inda ya yi rawa. Na ce, "Gaskiya, Alhaji, ban kai nan ba."

"To ka ji," ya ce wa ɗansa. "Wanda ya yi aikin ya sa sunansa a kai. Ni na cire rabi saboda ubana. Rabin da ubana ya bari, ba kai za ka cire ba. Kuma wa ya ce maka rataye shi nake so a yi? Keke ne. Usta, zai yi tafiya?"

Baba ya ce, "Zai yi, in Allah ya yarda. Sai dai tayoyin sai an nemo daga Tarabulus."

"A nemo. Kada a shafa masa fenti ko ɗigo. Inda na kankare ma a bar shi, a dai kashe tsatsar."

A hanyar dawowa muka wuce shingen 'yan sanda na bakin gari. Sannan ɗan ya ce wa Baba, da ya bi ta tasa, da yanzu ya yi abin da ba zai iya duban tsohon ba. Baba ya ce ai bai yi ba, ya ci gaba da kallon hanya.

Mako uku keken ya yi a rumfar. Baba ya warware shi gaba ɗaya, ya shimfiɗa sabon buhu don shi kaɗai, ya hana kowa takawa kusa. Ba ya taɓa shi sai ya sallami leburori, don ya ce su da kekunansu suke cin abinci, wannan kuwa ya jira shekara ashirin, zai iya ƙara jiran awa biyu. Ƙananan ƙwallayen ƙarfen da ke cikin ƙafafun ya wanke su ɗaya-ɗaya, yana ɗaga kowanne ga hasken rana. Sirdin ya yi kwanaki yana shafa masa man kaɗanya da ya samo wurin wata mata 'yar Maradi, yana murzawa da babban yatsa, har fatar ta yi laushi ta dawo launin goro. Tayoyin irin waɗanda ake liƙawa da gam ne, wani direban babbar mota ya yi ta yawo a Tarabulus kafin ya samo guda biyu a shagon wani tsoho. Ranar da suka iso Baba ya shinshina su kamar turare.

Ni aikina jikin keken ne. Baba ya ce tsatsa in bi ta da kananzir da lallausan ƙyalle, rubutun kuwa ruwa da sabulu kawai, kada wani abu ya taɓa shi. Idan an gama in shafa siririn man sheƙi marar launi don ya riƙe abin da ya rage. Na yi kwana huɗu ina bin wannan umarni, jan yana fitowa a hankali, har masu wucewa suna tsayawa kallo.

A kan harafi na huɗu akwai wani ɗigon baƙin abu, kamar kwalta, da ya daskare. Sabulu ya ƙi cire shi. Na sa farce, ya ƙi. Ran nan Baba ya tafi kasuwa neman wayar birki, ni kaɗai a rumfa. Na ce a raina shekara nawa ina aiki da tina, ruwan da muke tsinka fenti da shi, ai na san hannuna. Na ɗan tsoma bakin ƙyalle, na taɓa ɗigon sau ɗaya. Ya narke. Na ji daɗi, na sake shafawa don in share sauran. Da na ɗaga ƙyallen sai na ga zinariya a jikinsa. Harafin ya tafi, saura ɗan guntun ƙafarsa ɗaya, wurin ya koma ja fes kamar ba a taɓa rubuta komai ba.

Na zauna a ƙasa. Abin da ya fara zuwa raina shi ne takarduna ba su cika ba, ga shi na lalata kayan gadon ɗan ƙasa. Na biyu kuma fuskar Baba. Na tashi da sauri na buɗe jakata, na ɗauko ɗan ƙaramin gwangwanin ruwan zinariya da nake yi wa ƙofofi ado da shi, da buroshina mafi siranta, wanda na zo da shi tun daga Katsina. Inuwar harafin tana nan a jikin fentin idan ka karkata kai. Na riƙe numfashi na bi ta. Baƙin layin kuwa sai da na rage gashin buroshin da reza har ya saura 'yan ƙwarori. Ban taɓa yin aikin da na zuba raina a ciki kamar wannan ba, kuma tsoro ne ya sa. Kafin Baba ya dawo ya sha iska. Daga taku biyu ba ka bambanta shi da sauran.

Baba ya shigo da wayar birki a hannu, ya rataye ta, ya sha ruwa. Ya zo ya tsaya a kan keken kamar yadda ya saba. Ina ta goge wani wuri da na riga na goge. Ya daɗe a tsaye. Sai ya durƙusa, ya kai hancinsa kusa da ƙarfen.

"Hannunka yana da kyau, ɗan Katsina," ya ce. "Wa zai gaya wa Alhaji, ni ko kai?"

Na fara rantse-rantse, na ga ba amfani, na faɗi yadda aka yi. Bai ɗaga murya ba, bai ce ai na gaya maka ba. Na ce, "Baba, don Allah a bar maganar nan tsakaninmu. Tsohon nan ba ya gani. Ɗansa kuma ba zai taɓa lura ba."

"Shi ya sa," in ji Baba. "Da yana gani, da sai mu bar shi ya gano da kansa. Mutum ya ba mu amanar abin da ba zai iya dubawa ba."

Na ce ina tsoron abin da zai biyo baya. Ya ce a rumfarsa aka yi, duk abin da ya biyo baya shi za a fara tambaya, kuma yana nan tsaye kusa da ni. Amma bakin da ya kamata ya faɗa nawa ne. Daga nan bai sake tayar da zancen ba. Ya ma sa ni na shafa man sheƙin a kan harafin tare da sauran, ya ce tunda an yi, a yi shi ya daɗe.

Kwana biyar na yi ina juya maganar. Sau biyu na je tashar motocin arewa na tsaya ina kallon masu lodi, na dawo. Abin da ya hana ni tafiya, ina jin, shi ne tunanin Baba zaune gaban tsohon shi kaɗai yana ba da haƙurin laifin da ba nasa ba.

Ranar Juma'ar da aka mayar da keken, ɗan ya zo da katifa a bayan mota don kada ya gogu. Da muka sauke shi a Zighan maƙwabta suka fito. Alhajin ya miƙe da sandarsa, aka kai hannunsa kan sirdi. Ya matsa shi, ya ce, "Wannan wane mai ne?" Baba ya faɗa masa. Ya murza ƙafar baya, ya kasa kunne yana jin ƙarar da take yi, cik-cik-cik, har ta tsaya don kanta. Baba ya taɓa ni da gwiwar hannu.

Na durƙusa. Larabcina ya gudu, sai da Baba ya riƙa cika mini kalmomi. Na ce na saɓa umarni, na sa abin da aka hana ni, harafi ɗaya ya goge, na mayar da shi da hannuna. Na ga ɗan ya matso da sauri yana leƙawa, yana tambaya wanne ne, wanne ne. Tsohon ya ɗaga masa hannu.

"Kada ka faɗa," ya ce mini.

Ya ɗora yatsa a kan harafin farko, ya wuce, na biyu, na uku. A kan na huɗu ya tsaya. Ya koma baya, ya dawo. Ya ce, "Wannan. Ya fi 'yan'uwansa ƙiba."

Na ce shi ne.

Ya sake shafa harafin. Sai ya ce, "Ni bakwai na goge, da wuƙa, da gangan, ban mayar da ko ɗaya ba. Tashi, ɗana, gwiwarka za ta yi ciwo." Ya juya wajen Baba ya tambaye shi ko shi ya sa ni faɗa. Baba ya ce shi dai tambaya ɗaya ya yi mini. Tsohon ya yi dariya har da tari. Ɗan bai yi dariya ba, ya daɗe yana duban harafin ta sama da ta ƙasa, amma daga baya shi da kansa ya miƙo mini kofin shayi.

Da la'asar ta yi sanyi Alhajin ya ce a fitar da keken bakin kwalta. Muka ɗauka shi zai hau, ɗan har ya fara roƙonsa. Ya ce shi ba mahaukaci ba ne, ya san idonsa. Usta ne zai hau, shi kuma zai saurara.

Baba ya ce, "Alhaji, shekara talatin ina gyaran keke, ban taɓa hawa irin wannan ba."

"To yau ka hau."

Baba ya tattare rigarsa ya cusa a wando, ya cire hularsa ya ba ni. Ya ɗora dogon jikinsa a kan ɗan sirdin nan, ya sunkuya ya kama ƙahon ta ƙasa kamar yadda tsohon ya kwatanta masa. Da farko ya yi tangal-tangal, mutane suka yi ihu. Sai ya daidaita. Ya taka sau uku, sau huɗu, keken ya ɗauke shi. Na ga dattijon da ban taɓa ganin ya yi sauri ba, ko ruwa ake yi, yana tsaga iska tsakanin itatuwan dabino, rigarsa ta kumbura a baya, yana ƙanƙancewa har ya zama ɗigo wajen hanyar Samnu. Da ya juyo ya wuce ta gabanmu, bakinsa a buɗe yake, dariya yake yi shi kaɗai.

Alhajin yana tsaye, kai a karkace, hannu ɗaya a kafaɗar ɗansa. Da keken ya wuce karo na biyu ya ce, "Giyar baya tana gogar sarƙa. Kaɗan. A ta uku."

Baba ya tsaya yana haki, na faɗa masa. Ya ɗaga ƙafar baya ya juya feda da hannu, ya kasa kunne. Ya dubi tsohon, ya girgiza kai, ya zaro ƙaramin sukundireba daga aljihu ya murɗa wata 'yar ƙusa rabin zagaye. Ya sake hawa ya wuce.

"Yanzu ya yi," in ji Alhajin.

Sai da rana ta kusa faɗuwa muka kamo hanya, da kwali biyu na dabino a bayan mota. Baba ya yi mako guda yana tafiya a karkace saboda ciwon baya. Duk leburan da ya tambaye shi abin da ya same shi, sai ya ce tsere ya je a Zighan. Babu wanda ya yarda, sai sun juyo sun tambaye ni.